Hotunan Barewa a Albam ɗin Wani

Akwai gyaran da ya fi lalacewar muni, kuma ya kamata a ce Mai Firji ya fi kowa sanin haka, tunda ya haura shekara ashirin yana kwance bayan firjin mutane. Kullum faɗansa da masu kawo masa aiki ɗaya ne: su ce firji ya mutu haka kawai, su ɓoye cewa sun sa wuƙa sun ɓantari ƙanƙara. Sai ga shi a wancan makon shi ma ya kai aiki wurin mai gyara, ya faɗi rabin ciwon ya haɗiye rabi, kuma rabin da ya haɗiye ne ya tsaya masa a wuya.

'Yarsa ta biyu, wadda gida da waje ake kira Barewa saboda gudunta, tana cikin ƙungiyar guje-guje ta yaran unguwa. Shekararta goma sha uku, siririya, ba ta da surutu sai an taɓo maganar tsere. Iyayen yaran ƙungiyar suna da shafi a intanet mai ɗaki biyu. Ɗaya dandali ne, inda ake sanar da ranar atisaye, a yi ta musu kan wanda zai kawo ruwa da wanda motarsa za ta kwashi yara. Ɗayan kuma rumbun hotuna ne, inda kowa ke zuba abin da ya ɗauka ranar gasa. Ƙanin matar Mai Firji ne ya gina su duka biyun. Ma'aikacin kamfanin inshora ne, mai gilashi da yawan dariya, wanda dangi suka laƙaba wa Injiniya tun ranar da ya gyara rimot ɗin talabijin yana ɗan makaranta.

Da farko kowane ɗaki da mabuɗinsa, suna daban, kalmar sirri daban. Iyaye suka yi ta ƙorafi, masu mantuwa suka fi kowa ɗaga murya. Injiniya ya ɓata hutun ƙarshen mako guda ya haɗe ƙofofin, sannan ya rubuta a dandali da manyan baƙaƙe cewa daga yau wanda ya shiga dandali ya shiga rumbu, ba sai ya sake buga komai ba. Aka yi ta sa masa albarka.

Mai Firji bai taɓa yin rajista a rumbun ba. Shi dandali kawai yake leƙawa, don ya san lokacin da za a tashi daga atisaye. Amma a gasar da ta wuce Barewa ta zo ta biyu, shi kuma yana can yana fama da injin sanyin wani kanti, bai samu zuwa ba. Ran Litinin da rana matarsa ta kira shi a waya.

"Ka ga hotunan 'yarka kuwa? Ko sai firjin duniya sun ƙare?"

"Ina zan gan su?"

"A rumbu mana. Yanzu ai ƙofa ɗaya ce. Ka shiga dandali, ka latsa inda aka rubuta Hotuna. Ko shi ma sai na zo na riƙe maka yatsa?"

Yana zaune kan akwatin kayan aiki a shago, ya cika wa wata tsohuwar firiza gas yana jiran bangonta ya ɗauki sanyi. Ya goge hannu da tsumma, ya shiga dandali. Dandali ya gaishe shi da sunan da ya zaɓa wa kansa, Mai Firji. Ya latsa Hotuna. Shafin ya yi ɗan juyi ya buɗe, a can kusurwar sama an rubuta da shuɗi: Barka da dawowa, Dogon Zango.

Ya kalli sunan, ya juya bayan wayar kamar zai ga inda take yoyo. Shi bai san wani Dogon Zango ba. A ƙasan sunan akwai albam guda mai alamar kwaɗon kulle, irin wanda mai shi kaɗai ke iya gani. Ya yi niyyar fita, amma yatsansa ya riga shi.

Hoton farko Barewa ce a filin atisaye, ta durƙusa tana ɗaure igiyar takalmi. Na biyu ma ita ce, tana shan ruwa ta rufe ido. Ya yi murmushi, ya ɗauka hotunan gasar ne. Ya ja ƙasa. Babu wani yaro a ciki sai ita. Inda wasu suka shigo an yanke su, sai kafaɗa ko gwiwar hannu. Kuma ko a hoto ɗaya ba ta kalli mai ɗauka ba. Can ƙasa filin ya ɓace. Ga ta a tashar bas da jakar makaranta, sanye da koriyar rigar sanyin da uwarta ta saya mata watan jiya. Ga ta tana tsallaka titi. Na ƙarshe kuma ga ta a ƙofar gininsu, tana laluben mabuɗi a aljihu, babur ɗinsa na jingine da bango a bayanta.

Firizar ta ɗauki sanyi har ta fara raɓa, shi bai sani ba.

Ya rufe shago da wuri ya nufi gida, amma bai shiga ba. Ya tsallaka titi ya tsaya, ya buɗe hoton ƙarshe yana gwada shi da ƙofar, ya matsa hagu, ya matsa dama, har sandar fitila ta zo daidai inda take a hoton. Wurin tsakanin shagon aski ne da bencin masu jiran bas. Kowa na iya tsayawa a nan ya yi kamar yana duba saƙo a waya. Mai aski ya leƙo da almakashi a hannu.

"Maƙwabci, gidan naka kake son sayarwa ne kake auna shi?"

Mai Firji ya yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba. Ya kalli wayar da ke leƙowa daga aljihun rigar mai askin, ya ji kunyar kansa, amma bai daina kallo ba.

Da ya shiga gida Barewa na zaune a ƙasa ta miƙe ƙafafu tana aikin makaranta. Ya tsaya a kanta.

"Wa ke raka ki tasha da safe?"

"Ni kaɗai, Baba, tun da daɗewa."

"Babu mai yi miki magana a hanya? Babba ko yaro?"

"Sai mai sayar da jarida, shi ma cewa yake in gaishe ka."

Uwarta ta fito daga kicin tana goge hannu. "Lafiya kake kallon yarinya kamar za ta narke? Ka ga hotunan?"

"Na gani," in ji shi. "Sun yi kyau."

Bai faɗa mata ba, kuma yana da dalilinsa. Ita da Injiniya ciki ɗaya suka fito. Abin da ya shiga kunnenta da safe, kafin rana ta take yana kunnen ƙaninta. Shi kuwa Injiniya shi ke riƙe da duk mabuɗan shafin. Ya san tashar, ya san ƙofar gidan, yana zuwa cin abinci duk lokacin da ya ga dama. Mai Firji bai ce shi ne ba. Amma da ya zauna yana jera mutanen da suka san filin kuma suka san gidan, sunan Injiniya ya ƙi fita daga cikinsu, duk yadda ya tura shi. Ya yi tunanin zuwa wurin 'yan sanda, sai ya tambayi kansa me zai ce musu: na shiga ɗakin wani da mabuɗin da ba nawa ba, ban san mai ɗakin ba, ban san yadda aka yi na shiga ba?

Kwanakin da suka biyo baya ya yi ta komawa. Ya fita ya sake shiga, ya kashe wayar ya kunna, ya ari ta yaron kantin da ke gefensa ya gwada. Duk ɗaya: a dandali shi Mai Firji ne, da ya taka rumbu sai ya zama Dogon Zango. Sunan nan mai shuɗi yana nan a kusurwa, bai taɓa sa masa yatsa ba. Yana tsoron kada ya taɓa shi ya kaɗa wa mai shi ƙararrawa, mutumin ya kwashe kayansa ya gudu.

Ran Laraba ya bar aiki ya je filin atisaye, abin da ya daɗe bai yi ba. Iyaye na jere a bakin shinge, kusan kowa da waya a hannu. Wanda ya fara hango shi Baban 'Yan Biyu ne, wani mai ƙiba da ba ya rabuwa da kyamara mai dogon baki.

"Yau wace rana! Mai Firji a fili? To wa ka bar wa ƙanƙarar gari?"

Suka gaisa. Mai Firji ya kalli kyamarar, ya kalli mai ita, ya yi kamar maganar ta zo masa ne yanzu.

"Wai kai da wane suna kake shiga rumbun nan?"

"Ni? Ni ɗauka kawai nake. Uwar yara ce ke ɗorawa, ita ta san sunan da ta sa. In ka tambaye ni kalmar sirrina ma sai na tambayo ta."

Koci, wanda ke tsaye kusa da su da usur a wuya, ya juyo yana dariya. "Rumbun nan ai ya haukace. Ni tun da aka haɗe su, in na shiga sai ya ce mini barka da dawowa Maman Auta. Har na saba, na fara jin kamar in ɗaura zani."

Aka kwashe da dariya. Mai Firji bai yi ba, amma hankalinsa ya ɗan kwanta. Ashe ba shi kaɗai aka buɗe wa ƙofar wani ba, ciwon na kowa ne. Sai dai wani tunanin ya zo masa nan take: Koci ma ya san inda suke, shi ya taɓa sauke Barewa a ƙofar gida ranar da aka yi ruwa. Baban 'Yan Biyu ma ta layinsu yake bi zuwa aiki. Ya tsaya har aka tashi, bai ga gudun 'yarsa ba, hannayen mutane kawai yake kallo.

A hanyar komawa ya yanke shawara. Zai je wurin Injiniya ya ce masa rumbu na kiransa da sunan wani, ya faɗi sunan, ya tsare shi da ido. Maganar albam kuwa zai riƙe ta. In Injiniya ne, fuskarsa za ta nuna. In ba shi ba ne, zai buɗe cikin shafin, shi kuma daga gefe ya ga ko wane ne Dogon Zango ba tare da ya tona komai ba. A ganinsa dabarar ba ta da ƙofar kuskure.

Ran Asabar da hantsi ya hau benen su Injiniya ya ƙwanƙwasa. Injiniya ya buɗe da gajeren wando da kofin shayi.

"Yaya! Kai ne a gidana? Firjina lafiyarsa ƙalau, ban kira ka ba."

"Firjin da babu komai a ciki sai ruwa da rabin lemo, me zai same shi? Shafinka ne ba lafiya."

Ɗakin a hargitse yake, wayoyin caji kamar saiwar bishiya a ƙasan tebur, faranti a kan kujera. Injiniya ya kwashe farantin ya ba shi wuri. Mai Firji ya zauna a bakin kujerar, ya kafa masa ido.

"In na shiga rumbu, ba ni yake gani ba. Wani yake gani. Dogon Zango."

Injiniya ya cire gilashi, ya goge shi da gefen riga, ya mayar. Mai Firji ya yi ta laluben ƙwaƙwalwarsa ko haka yake yi kullum, ya kasa tunawa.

"Dogon Zango," in ji Injiniya. "Kai kuma da ba ka kai kafaɗata ba. Kawo wayar."

Ya fitar da shi daga shafin, ya share 'yan guntayen shaidar da shafi ke ajiyewa a waya don ya tuna mai ita, ya ce ya sake buga kalmar sirri. Dogon Zango. Ya gwada a kwamfutarsa. Dogon Zango. Ya shiga da nasa sunan, rumbu ya gaishe shi daidai.

"Ka gani? Ni lafiya lau. Shi ya sa ban lura ba. Ni ne na ɗaya a can, ni ne na ɗaya a nan." Ya tsaya, ya dafe goshi. "Kai! Na gane. Wallahi na gane."

Ya buɗe wani shafi mai baƙin allo da layuka jere, ya juyo da kwamfutar.

"Yaya, ka ɗauka gini biyu ne, kowanne da ɗakuna masu lamba. A dandali kai ne ɗaki na arba'in da ɗaya. Da na haɗe su, sai na ce wa rumbu ya daina tambayar suna, ya karɓi lamba kawai daga dandali. To ashe shi ma rumbu yana da nasa ɗaki na arba'in da ɗaya tun da can, da mai shi a ciki. Kai ka zo da lambarka, ya buɗe maka ɗakin wancan."

"To wane ne wancan ɗin?" Mai Firji ya yi ƙoƙarin sa muryarsa ta fito kamar ta mai tambayar farashin albasa.

"Wa ya sani? A rumbu kowa sunan da ya ga dama ya sa. Akwai Gizago, akwai Sarkin Tsere, akwai wata wai ita Ba Ruwanku. Mutum nawa zan riƙe a ka? Bari dai in daidaita rajistar biyu, kowa ya koma ɗakinsa. Ashe shi ya sa Koci ke ta aiko mini da saƙo ina cewa zan duba."

Mai Firji ya buɗe baki zai ce a nuna masa layin arba'in da ɗaya tukuna, sai wayarsa ta yi ƙara. Mai kifi ne, wanda ya gyara wa firiza makon jiya, yana ihu wai tana wani gurnani kuma kifi ya fara laushi. Ba a jin magana a ɗakin saboda fanka, sai ya fita baranda. Ya sa mutumin ya kara wayar a bayan firizar ya saurara, ya sa shi ya zare filogi ya jira ya mayar, ya sa shi ya janye ta daga bango. Mai kifi ba ya jin bayani sai an maimaita. Ta tagar baranda yana hango bayan Injiniya, ya sunkuya kan kwamfuta, hannunsa na tafiya da sauri.

Da ya dawo, Injiniya ya jingina da kujera ya harɗe hannuwa a ƙeya.

"An gama. Gwada ka gani. Kuɗin aikina kwanon abinci ne a gidan Yaya."

Mai Firji ya shiga dandali, ya latsa Hotuna. Barka da dawowa, Mai Firji. A ƙasan sunansa kuma ga albam ɗin nan mai alamar kwaɗo, yana nan daram, yanzu ya zama nasa.

"Ina Dogon Zango?"

"Ya tafi. Duk tsoffin sunayen rumbu sun tafi. Yanzu rajista ɗaya ce, ta dandali."

"Ya tafi ina?"

"An shafe shi mana. Yaya, lafiya? Ka ga fuskarka kuwa?"

Mai Firji ya buɗe albam ɗin ya miƙa masa wayar. Injiniya ya karɓa yana murmushi, ya ja ƙasa, ya sake ja. Murmushin ya tafi a hankali. Da ya kai hoton ƙofar gida sai ya ajiye wayar a tebur kamar ta ƙona shi.

"Tun yaushe ka ga wannan?"

"Litinin."

"Litinin! Ka zo ka zauna a nan ka bar ni na... Yaya, me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Mai Firji ya kawar da kai. Fanka na ta juyawa. Injiniya ya dube shi ya daɗe, sannan ya yi magana a hankali.

"Ni kake zargi."

"Ban ce ba."

"Ba sai ka ce ba. Barewa fa a hannuna ta koyi tafiya. Ni na saya mata takalmin gudunta na farko."

"To dawo da sunan. In ka dawo da shi, magana ta ƙare."

Injiniya ya juya ga kwamfutar. Ya buɗe nan, ya rufe can. Ya ce kafin ya haɗe shafukan ya ajiye kwafi, amma da ya duba, kwafin hotuna ne kawai da na dandali. Rajistar rumbu bai ajiye ta ba, don a lokacin ya ɗauka ta gama amfani. Ya sauke hoto ɗaya ya leƙa cikinsa ko zai ga irin wayar da ta ɗauka, ya tarar rumbu na goge wannan bayanin duk lokacin da ya rage girman hoto. Abin da ya rage kawai ranakun da aka ɗora su, na ƙarshe ana saura kwana kaɗan a haɗe ƙofofin. Ya ce zai rubuta wa kamfanin da ke ajiye musu shafin ko suna da tsohon kwafi.

"Bai gargaɗe ka ba kafin ka shafe?" in ji Mai Firji. "Ko injin wanki yana ƙara kafin ya zubar da ruwa."

"Ya gargaɗe ni. Ya ce tsoffin asusun rumbu za su tafi, albam kuma za su koma hannun masu lambar a dandali. Na ga hotunan mutane ba za su ɓata ba, sai na ce to. Ina zan san akwai abin nema a ciki?" Ya cire gilashin ya riƙe a hannu. "Sunan nan da kake gani a sama mai shuɗi, ka taɓa latsa shi?"

"A'a."

"Da ka latsa sau ɗaya, da ka ga imel ɗinsa da lambar wayarsa. Duk wanda ya yi rajista sai ya sa su."

Mai Firji ya ɗauki wayarsa ya sauko daga benen.

A gida ya faɗa wa matarsa komai, har da dalilin da ya sa ya yi shiru. Ba ta yi ihu ba, abin da ya fi ihun ciwo. Ta kalli hotunan ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye wayar.

"Kwana biyar kana kallon wannan kai kaɗai, ina kwance a gefenka. Ka raina ni, ka raina ɗan uwana, ga abin da wayonka ya haifa."

"In da shi ne fa?"

"In da shi ne, da ni zan fara kai shi inda ya dace. Ka ɗauka na fi son ƙanina a kan 'yata?"

Shi yana ganin kada a yi maganar a fili, don kada mutumin ya san an gano shi. Ita ta ce ai gara ya sani, ya san akwai ido a kansa. Ta shiga dandali ta rubuta: Wane ne ke amfani da sunan Dogon Zango a tsohon rumbu? Muna da magana da shi. Amsoshi suka zo. Wani ya ce ko bashi ya ci. Wata ta ce ita dai mijinta gajere ne. Baban 'Yan Biyu ya sa hoton fuska mai dariya. Koci ya kira a waya, da ya ji bayani ya ce daga yanzu ba mai ɗaukar hoto a atisaye sai da izini. Babu wanda ya ce ni ne. Bayan 'yan kwanaki kamfanin ya amsa wa Injiniya cewa a tsarin da ƙungiyar ke kai ba sa ajiye tsohon kwafi. Suka kai maganar ofishin 'yan sanda, wani jami'i ya saurare su da kyau, ya karɓi hotunan, ya tambayi sunan wa ke kan albam ɗin. Mai Firji ya ce nasa, ya shiga bayanin ɗakuna da lambobi, yana ji da kunnensa yadda maganar ke fita kamar ƙarya.

Barewa ce ta ƙarshen sani. Uwarta ta zaunar da ita ta nuna mata. Ta kalli na filin ta ce, "Wannan na yi kyau," sannan ta kai na tasha ta miƙa wa uwarta wayar.

"Kin san wanda zai yi wannan?" in ji uwar.

"A'a."

"Ki tuna da kyau," in ji Mai Firji. "Ba faɗa za a yi miki ba."

"Ban sani ba, Baba. Amma yaran ƙungiya da yawa suna da asusu a rumbu. Wasu da imel ɗin iyayensu suka buɗe." Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin rigarta. Ko kunya ce, ko tsoro, ko akwai sunan da ta riƙe, bai iya karanta fuskar ba.

"Daga yau kin bar gudun nan," in ji shi.

Ta ɗago. "Baba, a tasha ma an ɗauke ni. Makarantar ma zan bari? A ƙofar gida ma an ɗauke ni."

Uwarta ta dube shi, ta ɗauke kai.

Barewa ba ta bar gudu ba. Yanzu shi ke raka ta tasha da safe, ya tsaya har bas ta tashi, ranakun atisaye kuma ya rufe shago ya ɗauke ta a babur. Masu kawo aiki sun fara ƙorafin ba a samunsa. Injiniya ya rage zuwa gidan. In ya zo, su gaisa da mutunci, ya ci abinci ya tafi, wasan da ke tsakaninsu ya mutu. Rumbu kuwa yana aiki lafiya, kowa na shiga da sunansa, iyaye sun sake sa wa Injiniya albarka.

Har yanzu Mai Firji bai san ko wane ne Dogon Zango ba, babba ne ko yaro, ya daina ne ko wurin ajiya kawai ya canza. Bai kuma san ko ƙanin matarsa ya gane sunan kafin ya latsa maɓallin shafewa ba.